Santimita ɗaya na lakar Bahar Maliya

Shekara tara na yi ina aiki da gawarwakin halittun teku kafin in ga teku da idona. Wanda ya karanci ilimin duwatsu a Sakkwato ba zai yi mamakin wannan ba. Namu tekun ya janye sama da shekara miliyan 50 da suka wuce, ya bar mana farin dutsen Kalambaina da ake ƙonawa a yi siminti, da lakar Dange mai santsi. Wani hannun teku ne da ya malalo daga arewa, ya ratso ƙasar da yau ake kira Mali da Nijar, ya zo ya kwanta inda gonakinmu suke. In ka shiga ramin fasa dutse a Kalambaina ka duƙa, za ka tsinci ɓawon kumba da wasu dunƙulallun halittu kamar ƙwallon goruba. Ɗaya daga cikinsu wani Bature ya bayyana ta a 1904, ana kiranta Linthia sudanensis, domin a bakin masu taswira na wancan zamani ƙasarmu ma Sudan ce. Ni kuwa aikina da waɗanda ido ba ya gani ne. In daka dutse, in jiƙa, in wanke a rariya, in shanya, sannan in zauna gaban madubin ƙara girma ina tsince 'yan ƙwansunan da da yawansu ba su kai ƙwayar gero ba. Sunansu foraminifera. Mu dai foram muke ce musu.

A zatona na san su ciki da bai. Ina iya gaya wa ɗalibi cewa wannan mai ɗakuna a nannaɗe kamar gammo ruwa marar zurfi take so, waccan kuma laka ta fi ƙauna. Amma duk a takarda na gani. Ko ɗaya ban taɓa haɗuwa da ita da rai ba. Shi ya sa da wata malamar kimiyyar teku a Bur Sudan da ke bakin Bahar Maliya, wadda muka daɗe muna musayar wasiƙu kan samfura, ta ce za su fita ɗibar laka a watan Disamba kuma akwai wurin mutum ɗaya a jirgin, ban tsaya shawara da aljihuna ba. Wannan kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne. Akwai kuma zumuncin da ya daɗe yana jiran ƙafa. Ƙanen kakana ya bar Wurno a ƙasa da niyyar hajji tun zamanin Turawa, ya sauke farali, amma bai koma gida ba. Ɗansa, wanda nake kira Baffa, yana Bur Sudan, dattijo ne da ya ƙarar da ƙarfinsa a dakon kaya a tashar jiragen ruwa.

Daga Kano jirgi ya sauke ni a Khartum, da asuba na hau bas a Mina Barri. Atbara, Hayya, Sinkat, yini guda cur ana tafiya cikin fako. Bayan Sinkat hanya ta shiga duwatsu baƙaƙe tana lanƙwasa tana gangarawa, kunnuwana suka toshe, sai kawai duwatsun suka buɗe. Can gaba wani shuɗin layi ya miƙe daga wannan gefen duniya zuwa wancan. Na ɗauka hazo ne. Wanda ke kusa da ni ya nuna da haɓa ya ce, “Al-bahar.”

Gidan Baffa yana ɗaya daga cikin unguwannin da suke kira dem. Ruwan sha a amalanken jaki ake kawo shi a saya, tushensa kuwa rafin Khor Arba'at ne, can arewa da gari. Gwaggo ta tarye ni da godo-godo mai sanyi, bayansa jabana, gahawar gabashin Sudan mai citta da ake zubawa a 'yan finjalai. Hausar Baffa ta ba ni tausayi da daɗi lokaci guda: Sakkwatancin kakanni ne tsantsa, irin wanda ko a Wurno sai bakin tsofaffi, amma an yayyafa masa Larabci.

“To ɗiyana, mi kaka nema ga ƙasan ruwa? Kifi ko zinari?”

Na ce, “Laka, Baffa.”

Ya ajiye finjali. “Kab baro lakar gulbin Rima kat taho har nan biɗar laka?”

Na ce masa zancen zinarin ma ba ƙarya ba ne. A tsakiyar tekun nan, tsakanin gaɓar Sudan da Jidda, akwai wani rami mai zurfin sama da mita 2,000 da aka sa wa sunan jirgin binciken Amurka, Atlantis II. Ruwan gishirin da ke kwance a cikinsa zafinsa ya haura digiri 60, lakarsa kuma cike take da tutiya da tagulla da azurfa, har da ɗan zinari. Saboda ita ne Sudan da Saudiyya suka ƙulla yarjejeniya a 1974. Amma mu ba can za mu ba, jirginmu bai kai wannan matsayi ba. Baffa ya gyaɗa kai ya ce, “Allah shi kiyaye hanya.” Ashe ɗan autansa ne ke riƙe da injin jan igiya a jirgin da aka yi haya, sai na samu ƙane a cikin ma'aikata.

Kafin mu tashi malamar nan, Daktora, haka kowa ke kiranta, ta shimfiɗa taswira a kan murfin akwatin ƙanƙara ta nuna mini yadda ƙasan tekun yake. Hanya mafi sauƙi da zan kwatanta ita ce dakalin ƙofar gida. Kowace nahiya tana da dakali da ya shiga cikin ruwa, mai ɗan faɗi, marar zurfi sosai. Daga bakinsa sai gangare, daga gangare sai kwarin teku. A wasu ƙasashe dakalin kan yi ɗaruruwan kilomitoci. A gaban Bur Sudan siriri ne, kuma a kakkarye yake. Murjani, wato dutsen da wasu ƙananan halittun teku ke ginawa, ya yi katanga manne da gaɓa, bayanta wani lungu mai zurfi da manyan jirage ke bi, sai wata katangar murjanin a waje, sannan ƙasa ta riƙa faɗawa hawa-hawa har kwarin tsakiya, inda wuri mafi zurfi ya kai kimanin mita 3,000. Dalili shi ne Bahar Maliya tsaga ce: Afirka da yankin Larabawa suna rabuwa da kimanin santimita ɗaya a shekara. Sai ka yi kudu wajen Tokar, inda Khor Baraka ke zubar da lakarsa, dakalin ke faɗaɗa. Babu kogi ko ɗaya da ke shiga tekun nan duk shekara. Abin da ke taruwa a ƙasansa daga ambaliyar rafuka ne in an yi ruwa a kan duwatsu, da ƙurar da iska ke kwasowa da bazara, da kuma ƙwansunan halittun da suka rayu suka mutu a cikinsa. Na ƙarshen nan su suka fi yawa.

Kayan aikin ba su da wani kwarjini. Babbansu wani guga ne na ƙarfe mai muƙamuƙi biyu, ma'aikatan jirgin suna ce masa kabbash. Ana zura shi da baki a buɗe, in ya taɓa ƙasa sakatarsa ta kuɓuce, in an ja igiya ya datse abin da ya samu. Sai robobi, da cokali, da fensir, da jarkar sinadarin alkohol da aka rina da wani jan rini mai suna Rose Bengal, kamar galura.

Tasha ta farko a bakin wata marsa muka yi ta, wato ɗan lungun da rafi ya yanka cikin katangar murjani, zurfin bai fi tsayin mutum uku ba. Kabbash ya fito da laka ruwan ƙasa, ƙasanta baƙi ƙirin mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da tsumagiyar ciyawar teku. Daktora ta zaro ganye ɗaya ta miƙo mini. A jikinsa wasu 'yan fararen faya-fayai ne manne, kamar ƙananan aninai.

“Ya Ustaz, ga mutanenka,” in ji ta.

Sorites ce. Na san hotonta tun ina aji uku a jami'a. Ban taɓa kawowa a raina cewa zan ɗauke ta da farce daga kan ganye ba.

A nan ta koya mini ƙa'idar da aka bi a kowace tasha. Ba a dama lakar. Ana buɗe murfin saman kabbash a hankali, a tsiyaye ruwan, a sa cokali a kankare santimita ɗaya na sama kaɗai, a zuba a roba, a tsiyaya jan rinin a kai, a girgiza. Rinin yana kama naman halittar da ke da rai lokacin da aka ɗebo ta, ya bar ƙwanson da babu kowa a ciki fari. Lambar tasha ana rubuta ta sau biyu, a jikin roba da kuma a guntun takarda da fensir a jefa ciki, don alkohol yana wanke tawada amma ba ya taɓa fensir.

Tasha ta biyu da ta uku a gindin katangar murjani ta waje, yashi fari sol mai kaushi, babu ɗigon laka. Na zuba a tafin hannu na duba da ɗan gilashin aljihu. Yawancin abin da na ɗauka tsakuwa ne ashe ƙwansuna ne: gutsattsarin murjani, ƙayar bushiyar teku, da wasu masu siffar adas, gewayayyu masu tudu a tsakiya. Amphistegina ke nan. Daktora ta ɗebi wani kaso dabam ta zuba a kwalba da ruwan teku zalla, ba ta sa rini ba, ta rufe da rigar tsumma. Ba ta ce mini komai ba.

Kashegari muka nufi waje, wajen Sanganib, tsibirin murjanin nan mai hasumiyar fitila da ke kimanin kilomita 25 daga gaɓa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016 tare da Dungunab. Ba a ɗibar komai a cikin hurumin sai da izini, don haka muka tsaya nesa da shi. Abin da ba zan manta ba shi ne allon na'urar auna zurfi. Yana nuna mita 40, 55, 70, kafin in ɗauke ido in mayar ya koma 200, ya wuce 300. Launin ruwan ma ya juya daga kore-kore zuwa shuɗi mai duhu kamar baba a marina. Mun sauka daga dakali.

Iskar arewa ta taso tun hantsi. Jirgin yana hawa yana faɗawa, cikina ya juya, na yi amai sau biyu. Ƙanena ya yanka lemun tsami ya ba ni ya ce, “Yaya, ka daina kallon ƙafarka, kalli duwatsu can.” Ya yi gaskiya. Kabbash ya tafi, igiya tana ta warwarewa, mintuna suna wucewa. Aka jawo shi, ya fito da baki a wangame: igiyar ruwa ta karkatar da shi, sakatar ba ta saki ba. Aka sake. Karo na biyu ya datse, amma wani guntun dutse ya tokare muƙamuƙin, lakar duk ta zurare a hanya. Sama da awa biyu ta tafi a banza, rayis ɗin jirgin, wato matuƙinsa, ya fara duban sama yana duban agogo. Muka yi azahar a zaune, alƙibla tana bisa ruwa kai tsaye, Jidda tana can kusan kilomita 300 a gabanmu. Daktora ta roƙi a gwada sau ɗaya tak. Ƙanena ya ɗaura ƙarin ƙarfe a wuyan kabbash, ya jira jirgin ya sauka daga kan igiyar ruwa, ya saki da bismilla.

Ya fito a rufe gam. Da aka buɗe, laka ce mai laushi, launin kunun gyaɗa, samanta lumui ba ta motsu ba. Na taɓa gefenta da yatsa, sai na ji ba sanyi. Na karanta cewa a manyan tekuna ruwan can ƙasa bai fi digiri 2 zuwa 4 ba, laka kan fito kamar daga firji. A Bahar Maliya ruwan ƙasa yana wajen digiri 21 zuwa 22 har can ƙarshen zurfinsa. Na san lambar, amma yatsana bai sani ba sai ranar. A saman lakar wasu abubuwa suna ƙyalli kamar fasasshen ƙwan fitila, wasu kamar tsinin allura. Ƙwansunan wasu 'yan dodon-koɗi ne masu iyo a sama, da suka mutu suka zubo. Na riƙe cokali, Daktora ta ce in kankare da kaina.

Rinin yana son mako biyu kafin ya kama sosai, saboda haka robobin suka shiga kabad. Amma kwalbar nan ta ruwan teku, a daren da muka dawo da ita Daktora ta juye ta a faranti na gilashi, ta ajiye kusa da taga, ta ce kada kowa ya taɓa. Da na shigo da safe na tarar yashin ya hau bango. Ƙwayoyi masu yawa sun bar gindin farantin sun manne a jikin gilashi, wasu har sun kusa bakin ruwa. Na sa ɗaya a ƙarƙashin madubi.

Amphistegina da na sani fara ce, busasshiya. Wannan launin zaitun ce mai ratsin zinari, tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Daga bakinta wasu zaruruwa sirara sun fito sun bazu kamar yanar gizo-gizo, suna rabuwa suna sake haɗuwa. Da na ƙara ƙarfin madubin na ga 'yan ɗigo-ɗigo suna gudu a kan kowane zare, wasu na fita wasu na komowa a lokaci guda, kamar hanyar ƙauye ranar kasuwa. Da waɗannan zaruruwa take tafiya, da su take kama abinci, da su take gina sabon ɗaki in tsohon ya yi mata kaɗan. Kuma duk wannan ƙwayar halitta ɗaya ce tak, ba kai, ba ciki, ba ido. Launin nan ma ba nata ba ne. Wasu ƙananan tsirrai ne take ajiyewa a cikin ɗakunanta, ƙwansonta yana shigar musu da hasken rana, su kuma suna ciyar da ita. Shi ya sa ba a samunta da rai inda haske ba ya kaiwa, kuma shi ya sa na ruwa mai ɗan zurfi suka fi faɗi da siranta, don su tari ɗan hasken da ya rage. A gefe na ga Peneroplis, ita kuma shunayya, domin nata baƙin jajaye ne.

Bafaranshen da ya fara tsara waɗannan halittu a 1826, d'Orbigny, ya ɗauka dangin dabbar tekun nan da Turawa ke kira octopus ne, ƙanana masu hannuwa da yawa. Sai a 1835 wani ɗan ƙasarsu, Dujardin, ya zauna ya kalli masu rai ya gane ba haka ba ne. Ban ga laifin na farkon ba ko kaɗan. Na fi awa ɗaya ban ɗaga kai ba. Abin da na ji ya yi kama da na almajirin da ya haddace Larabci a allo shekara da shekaru, ran nan ya ji yaro yana cinikin tumatir da shi. Ra'ayina tun daga ranar shi ne, duk sashen jami'ar da ke koyar da burbushin halittun teku a ƙasarmu ya kamata ya nemi hanyar kai ɗalibansa bakin ruwan gishiri ko sau ɗaya, ko Legas ce ko Kalaba. Muna yanke hukunci kan zurfin tekun da ya shuɗe da ɗuminsa, kamfanonin mai suna dogara da irin wannan hukunci wajen sanin shekarun dutsen da suke haƙa, alhali da yawanmu ba mu taɓa ganin mai gidan a cikin gidansa ba.

A kwanakin jira ne Daktora ta buɗe wata durowa ta ɗauko guntun dutse mai faɗin tafin hannun yaro, fari-fari, da 'yan ƙwansuna a daskare a jikinsa. Ta ce in ƙwanƙwasa. Ya yi ƙara kamar tangaran. Daga cikin laka aka ciro shi, a gangaren nan da muka je, da dogon bututun da manyan jiragen bincike ke cakawa a ƙasan teku. Bututun kan shige laka mai taushi salin-alin, sai ya ci karo da wannan ɓawo, wani lokaci har bakinsa ya lanƙwashe.

Labarin ɓawon nan shi ya fi komai tsaya mini a rai. Bahar Maliya, in ka cire mashigar Suez da mutum ya haƙa, ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, can kudu wajen Babul Mandab, kuma ƙofar tana da dokin ƙofa: wani tudu a ƙarƙashin ruwa kusa da tsibiran Hanish, zurfinsa mita 137 kacal. Rana tana shanye kimanin mita 2 na ruwan tekun kowace shekara, ba kogin da ke mayarwa, sai abin da ya shigo ta wannan ƙofa. Shi ya sa ko a yau gishirinsa ya kai kashi 40 cikin 1,000, alhali na sauran tekuna 35 ne. To, kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ƙanƙara ta taru a arewacin duniya ta riƙe ruwa mai yawa, tekuna suka sauka da kimanin mita 120. Abin da ya rage a kan dokin ƙofar bai kai mita 20 ba. Ruwan da ke shigowa ya ragu, rana ba ta rage aikinta ba, gishiri ya haura kashi 50 cikin 1,000. Foram masu yawo a saman ruwa ba su jure wannan. Suka ɓace. In ka bi lakar bututu daga sama zuwa ƙasa kana ƙirga, za ka gan su tinjim, sai ka iso wani tsagi da kusan babu su sam, a nan kuma ɓawon yake, domin ruwan ya yi kauri har farar ƙasa ta riƙa daskarewa tana ɗinke lakar. A samansa akwai wani siririn baƙin layi, alamar lokacin da ruwa ya fara dawowa amma iska ba ta kai ƙasa ba. Dakalin da muka ɗebi yashi a kansa kuwa, a wancan zamani tudu ne busasshe da mutum zai taka da ƙafa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Oksijin da ke cikin ruwa iri-iri ne, akwai mai nauyi akwai marar nauyi, rana kuma marar nauyin ta fi ɗauka. Duk foram da ta gina ƙwanso tana ɗaure ma'aunin ruwan zamaninta a ciki. Da yake ƙofar Bahar Maliya ƙarama ce, ko yaya teku ya sauka sai abin ya fito ƙarara a ƙwansunan. Da wannan ne masu bincike a 2003 suka fitar da tarihin hawa da saukar tekunan duniya na sama da shekara 400,000, daga lakar tekun nan da alhazanmu ke tsallakawa.

Ranar Juma'a Baffa ya ce sai ya kai ni Sawakin. Tafiyar kamar awa ɗaya ce kudu. Tsohon garin yana kan ɗan tsibiri, gidajensa da tubalin murjani aka gina su, yawanci sun zube sun zama tsibi-tsibi. Murjanin da ya gina garin shi ne kuma ya ƙuntata mashigarsa, manyan jiragen tururi suka kasa sakewa, Turawa suka fara gina Bur Sudan a 1905, ciniki ya ƙaura. Na ɗauki guntun tubali na sa gilashin aljihu. A cikin ramukan murjanin ga yashi a daskare, ga 'yan adas ɗina a ciki. Na mayar da shi inda na ɗauka.

Baffa ya zauna a kan wani karyayyen bango yana fuskantar ruwa, ya ba ni labarin mahaifinsa. Shekaru ya yi a hanya, yana noma yana ɗinki, ya tsinci auduga a Jazira da Tokar har kuɗin jirgi ya taru. Daga wannan gaɓa ya shiga sambuk, jirgin katako mai filafilai, cikin dare, su da yawa a matse. Shi ya isa. Wani jirgin da ya tashi kusa da nasu, da mutanen da suka yi shekaru suna cin tuwo tare, ba a sake jin labarinsa ba. Har ya rasu, in ji Baffa, ba ya cin kifin teku.

Ni kuma na ba shi labarin dokin ƙofa da ɓawon gishiri, da yadda laka ke ajiye komai bi da bi. Ya saurara bai katse ni ba. Can ya ce:

“Wanga laka taku da ka rubuta komi, su ma ta rubuta su?”

Na rasa ta inda zan fara. Na gaya masa abin da na sani: can a zurfi, laka 'yan santimitoci kaɗan take ƙaruwa a shekara 1,000. Tun daga daren da mahaifinsa ya tsallaka zuwa yau, abin da ya kwanta bai kai santimita ɗaya ba. Ina faɗa sai na tuna da cokalin da ke hannuna a jirgi. Abin da na kankare a tashi ɗaya ya haɗa zamanin sambuk, da na jirgin tururi, da na mu da muke wucewa ta sama a jirgin alhazai. Baffa ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, na shafa tare da shi.

Da mako biyu ya cika muka wanke samfuran a rariyar da faɗin idonta maikuron 63 ne, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wadda ita ce iyakar yashi da laka a wannan sana'a. Ana tsinta da ɗan burushi mai laushi da aka jiƙa, ɗaya bayan ɗaya, har a kai 300 a kowane samfur, a jera su a ɗan allon kwali mai gidaje da aka shafa wa ƙaro. Aiki ne mai cin wuya da ido, wuta kuma tana ɗaukewa, wani lokaci da fitilar waya muke haskawa. Amma tsarin ya fito kamar an zana. A marsa, masu farin ƙwanso kamar tangaran da masu jure laka. A gindin murjani, Amphistegina ta mamaye. A gangare, masu zama a ƙasa sun ragu, sai 'yan ƙwallaye masu kama da curin inabi, irin su Globigerinoides ruber, waɗanda suka rayu a saman ruwa suka zubo bayan mutuwa. Gwargwadon zurfi, gwargwadon yawansu. Ma'aunin da nake aunawa da shi ke nan in ce tekun Kalambaina marar zurfi ne mai ɗumi, yau ga shi na ga inda aka yanko shi. Masu jan rini kuwa, wato waɗanda muka tarar da rai, 'yan kaɗan ne a cikin ɗimbin farare.

Ana jibi zan tafi na nemi izinin Daktora na kawo Baffa ɗakin binciken. Ya cire hula, ya kafa ido ɗaya ya runtse ɗaya, na gyara masa har ya gani. Ya daɗe shiru. Da ya ɗago ya ce, “Ɗakuna hwa! Kowace da ɗakunanta, kamar an yi da magini.” Ya sake duƙawa. Sai da ƙanena ya ce masa la'asar ta yi.

A watan Agustan 2024 madatsar Arba'at ta ɓalle bayan ruwa mai yawa a kan duwatsu. Ƙauyuka suka tafi, mutane suka rasu, garin da ya cika da 'yan gudun hijirar yaƙi ya rasa babbar hanyar ruwan shansa. Kwana uku ina neman layin Baffa kafin ya shiga. Suna lafiya, sai dai jarkar ruwa ta yi tsadar da bai taɓa gani ba. Ƙanena ya karɓi wayar ya ce masunta sun ce ruwan gaɓa ta arewa ya yi ja. Daga baya saƙon Daktora ya iso, gajere. Ta ce ɗakin binciken yana nan, robobinmu suna cikin kabad, kuma in Allah ya kawo zaman lafiya da man jirgi tana so ta koma bakin rafin da kabbash, ta auna kaurin jar lakar da ta kwanta a kan farin yashi, ta ga su wa suka fara komawa cikinta. Ta tambaya ko zan zo in riƙe cokali. Na ce mata in sha Allahu.